Baje kolin kayan sauti da korona ta soke: a wuyan wa asarar ta rataya?

A ƙarshen Fabrairun 2020, masu shirya High End, baje kolin kayan sauti da a lokacin ake yi duk shekara a birnin Munich na Jamus, suka sanar cewa taron da aka sa daga 14 zuwa 17 ga Mayu ba zai yiwu ba. A lokacin gwamnatin Jamus ba ta hana taro ba tukuna, Hukumar Lafiya ta Duniya ma sai ranar 11 ga Maris ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Wanda duk ya ce an yi gaggawa, bayan mako uku ya janye maganarsa.

A Amurka, AXPONA, wani baje kolin kayan sauti da kamfanin JD Events ke shiryawa a lokacin a Schaumburg kusa da Chicago, bai soke ba da farko. Taronsa na 17 zuwa 19 ga Afrilu aka ɗage shi zuwa 7 zuwa 9 ga Agusta. Da ta tabbata Agustan ma ba za ta yiwu ba sai aka soke, amma kuɗin da kamfanoni suka riga suka biya bai koma musu yadda suka nema ba, aka yi ta kai ruwa rana. Can a jihar Colorado kuma akwai Rocky Mountain Audio Fest, wanda aka sa wa lokaci wajen Oktoba. Tun da sauran watanni masu shi suka soke na 2020, suka ce duk wanda ya ba da kafin alƙalami za a mayar masa da abinsa cif.

Kusan kamfanoni ɗaya ne ke zagaya waɗannan taruka, annobar ma ɗaya ce, amma kowane taro da hanyar da ya bi. Mai karatu zai yi saurin yanke hukunci cewa wancan mai amana ne, wannan kuma mai danne haƙƙin mutane. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ba halin mutane kaɗai ya raba su ba. Ranar da aka soke ta raba su, haka bakin da kalmar sokewa ta fara fitowa, haka kuma inda kuɗin ya kwana kafin ranar.

Ɗakin otal, ƙofa a rufe

Sai an san yadda taron yake kafin a gane dalilin da ya sa wannan sana'a ta fi wasu shan wuya. Abin da ake tallatawa shi ne yadda kiɗa ke fita daga lasifika, wannan kuwa ba ya jiyuwa a hayaniyar babban zaure. Saboda haka a Amurka otal ake kamawa hawa-hawa, a fitar da gadaje daga ɗakuna, kowane kamfani ya karɓi ɗakinsa. A shigo da lasifikokin da wasu sai ƙarti uku ko huɗu ke ɗaga ɗaya, da amfilifaya, da na'urar kunna faifan garmaho, a kwana ana gyara musu zama, ana matsar da su kaɗan-kaɗan har sautin ya zauna. A cibiyar MOC ta Munich, inda aka riƙa yin High End, ɗakuna masu fuskar gilashi da ke kewaye da farfajiya su suka yi wannan aiki. In an buɗe, jama'a su shigo, a rufe ƙofa, wani lokaci har na'urar sanyaya ɗaki a kashe don kada gunjinta ya shiga cikin kiɗa, a zauna kafaɗa da kafaɗa ana saurare. Wannan ayari ya fita, wani ya shigo ya shaƙi iskar da suka bari. A sashen na'urorin sauraro na kunne kuwa, abu guda ne ke yawo daga kan wannan zuwa kan wancan tun safe har yamma. Ga shi mafi yawan masu sha'awar waɗannan kaya maza ne da suka manyanta, waɗanda cutar ta fi kayarwa.

Wasu taruka sun samu mafaka a intanet. CES, baje kolin kayan lantarki na Las Vegas, a intanet aka yi shi a Janairun 2021, NAMM na masu kayan kiɗa a Anaheim shi ma haka, ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES ta mayar da tarukanta na 2020 can. Lacca da sanarwar sabon kaya suna tafiya a bidiyo. Lasifika ba ta tafiya. Ko da ta kai kuɗin gida, in aka ɗauke ta a bidiyo, abin da zai iso kunnenka sautin wayarka ne. Mai shirya taron kayan sauti ba shi da wani abu da zai miƙa wa kamfani ya ce ga madadin ɗakinka.

Kamfanonin kuma, in ka cire ƙalilan, ƙanana ne. Wasu miji da mata ne da ma'aikata 'yan kaɗan, wasu dillalai ne masu shago ɗaya, wasu masu shigo da kaya daga Turai ko Japan. A kwana uku ko huɗun nan suke ganin dilolin ƙasashe, su sa 'yan jarida su ji sabon kaya, su karɓi odar da za ta riƙe su watanni. Kuɗin ɗakin taro a wurin irin waɗannan wani yanki ne na jari, ba kuɗin da za a manta da shi ba. Kuma ba shi kaɗai suka kashe ba: akwai tikitin jirgi, da masauki, da akwatunan katako da aka ƙera wa kaya, da kuɗin dako da na kwastam. Duk wannan babu wanda ya yi zancen mayar musu da shi, su ma ba su nema ba. Kuɗin ɗaki kaɗai ke hannun wanda suka sani, shi ya sa duk fushin ya taru a kansa.

Ina kuɗin ya tafi?

Mai baje kaya yana ganin kwana uku ya saya. Mai shirya taro yana ganin aikin shekara guda ya sayar, wanda ake kammala shi a kwana uku. Daga nan saɓanin ya faro. Da an rufe taron bana ake fara sayar da ɗakunan baɗi. Ana karɓar kafin alƙalami tun da sauran watanni da yawa, a karɓi ciko kashi-kashi, ta yadda in ya rage 'yan makonni kusan kowa ya biya. Wannan kuɗi ba a akwati yake zaune yana jiran ranar taro ba. Da shi ake biyan albashin masu sayar da ɗakuna, da talla a mujallu, da hayar ofis, da abin da otal ya nema tun farko, da masu buga alluna da takardun shiga. In an faɗi gaskiya, masu baje kaya su ke ba mai shirya taro rancen da yake aiki da shi, ba ruwa, ba jingina, ba kuma wanda ya taɓa kiran sa rance. Shekarun da komai ke tafiya daidai babu mai lura, don ranar taro bashin ya biya kansa.

Da wannan za a gane bambancin Schaumburg da Colorado. Annobar ta faɗo wa AXPONA saura makonni kaɗan a buɗe ƙofa, lokacin da an karɓi mafi yawan kuɗi, an kuma kashe kaso mai yawa. Rocky Mountain yana da sauran fiye da rabin shekara lokacin da Amurka ta shiga kulle. Abin da ke hannunsa kafin alƙalami ne kawai, manyan kashe-kashen ba su zo ba. Wannan bai rage wa masu shi mutuncin abin da suka yi ba, don sun iya riƙewa da sun ga dama, kamar yadda da yawa suka yi. Amma mayar da kuɗin da ke nan daram ba ɗaya yake da mayar da wanda ya riga ya zama albashi da talla ba.

Akwai kuma na uku a cinikin, wanda ba a cika jin muryarsa ba, wato otal. Mai shirya taro kan sa hannu tun shekara guda ko fiye cewa zai cika ɗakuna kaza na dare kaza, in bai cika ba ya biya gibin, in ya fasa gaba ɗaya ya biya tarar da ke ƙaruwa yadda rana ke matsowa. Otal ɗin da ya ga kasuwarsa ta mutu rana ɗaya ba ya marmarin yafe wannan. Abin da ya fi masa sauƙi ya ce zaɓi wata rana, kuɗinka na nan. Daga nan kalmar ɗagewa ke gangarowa har kan mai ɗaki ɗaya a hawa na shida.

Kowa na jiran wani ya fara magana

A Fabrairu da Maris na 2020 an ga wani abu mai kama da rashin hankali: kowa ya san taro ba zai yiwu ba, amma sanarwa ta ƙi fitowa. Lissafi ne ya riƙe ta. In mai baje kaya ya ce ya fasa zuwa alhali taro na nan a takarda, shi ya saɓa yarjejeniya, kuɗinsa ya tafi. In mai shirya taro ya soke don ra'ayin kansa, ba tare da umarnin hukuma ba, otal zai bi shi tara, kamfanoni su bi shi kuɗinsu. In kuwa gwamnati ce ta hana, sai kowa ya buɗe sharaɗin nan da lauyoyi ke kira da sunansa na Faransanci, force majeure, wanda ke sauke wa mutum nauyin alkawari in abin da ya fi ƙarfinsa ya gitta. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, saboda haka kowa ya yi shiru yana kallon bakin gwamna.

An fara ganin haka a taron wayoyin hannu na Mobile World Congress a Barcelona. LG da Ericsson da Sony da Amazon da Nokia suka janye ɗaya bayan ɗaya, hukumomin Sifaniya kuma suka dage cewa babu dalilin lafiya da zai sa a soke. Ranar 12 ga Fabrairu ƙungiyar GSMA mai taron ta soke da kanta, ta fake da wancan sharaɗi, kamfanoni suka fara tambayar wa ya hana. A Austin ta Texas, magajin gari ne ya ayyana dokar ta-ɓaci ranar 6 ga Maris kafin SXSW, bikin kiɗa da fina-finai da fasaha, ya faɗi. A Jamus, ministan lafiya Jens Spahn ya ba da shawarar a dakatar da tarukan da suka haura mutum 1,000 ranar 8 ga Maris, jihar Bavaria ta mayar da shi doka bayan kwana biyu. Ka ga ke nan masu taron Munich sun riga hukuma magana, abin da ba kowa ya yi ƙarfin halin yi ba.

Sai dai sharaɗin da kowa ke gudu zuwa gare shi yana amsa rabin tambaya ne. Yana cewa ba ka da laifi don ba ka yi taro ba. Ba lallai ya ce komai a kan kuɗin da ka karɓa ba, sai in an rubuta. Takardar kuma mai shirya taro ne ya rubuta ta, mai baje kaya ya sa hannu a ƙasa ba tare da ya karanta ƙananan rubutun baya ba. Da yawa daga cikin irin waɗannan takardu sun ba mai taro ikon canza rana ko wuri, su kuma bar masa zaɓin abin da zai mayar bayan ya cire abin da ya kashe. A Amurka, alƙali abin da aka rubuta yake bi. A Jamus dokar farar hula ta fi karkata ga mai biya: asalin ƙa'ida ita ce in abin da aka yi alkawari ya gagara, mai alkawarin ba shi da haƙƙin kuɗin, abin da ya karɓa ya mayar, kuma kotu na iya watsar da sharaɗin da ta ga ya danne ɗaya ɓangaren ko da an sa masa hannu.

Wannan gardama ta girmi lasifika, kuma abin mamaki a kan hayar ɗaki ta fara. A 1902 aka sa naɗin Sarki Edward na Bakwai na Ingila, mutane suka kama ɗakuna masu taga a kan hanyar da ayarin zai bi. Wani mai suna Henry ya kama ɗakin wani Krell a titin Pall Mall na kwana biyu a kan fam 75, ya ba da 25. Sarki ya kwanta ciwon ciki, aka yi masa tiyata, aka ɗage bikin. Krell ya kai ƙara yana neman cikon fam 50, kotu ta ce a'a: ɗakin na nan, amma abin da aka kama shi dominsa babu. A wata shari'ar ta wannan biki, ta Chandler da Webster a 1904, kotu ta ce abin da aka riga aka biya ya tafi, asara ta zauna inda ta faɗi. Sai a 1942 Majalisar Dattawan Ingila, a matsayinta na kotun ƙoli a lokacin, ta rushe wannan hukunci a shari'ar Fibrosa, wani kamfanin Poland da ya ba da kafin alƙalamin injina yaƙi ya hana a kai masa. A 1943 majalisa ta yi doka: a mayar da abin da aka biya, amma alƙali na iya bar wa wanda ya karɓa gwargwadon abin da ya riga ya kashe in ya ga adalci ne. Shekara 40 Turawan Ingila suka yi kafin su iso nan, kuma a ganina har yanzu ba a samu ma'aunin da ya fi shi ba.

Ɗagewa ita ce ƙofar da ke kauce wa duk wannan. Muddin ba a ce an soke ba, babu abin da ya gagara a idon takarda, kuɗi ya ci gaba da zama, wanda kuma ya ce ba zai zo sabuwar ranar ba shi ne mai fasawa. Prolight + Sound na Frankfurt, taron masu kayan sauti da hasken dandali, an ɗage shi daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Mayu kafin a soke. AXPONA ya koma Agusta. Ba kowane mai ɗagewa ne ke wayo ba; a Maris ɗin nan mutane da yawa sun yi zaton zafin bazara zai kawo sauƙi. Amma ko da kyakkyawar niyya aka yi, sakamakon ɗaya ne: haɗarin ya sauka daga kan mai taro ya hau kan mai ɗaki. Duk maniyyacin da ya biya kujerar Hajjin 2020 ya san wannan zaɓi, ko ka karɓi kuɗinka ko ka bar shi zuwa baɗi, ya kuma san cewa wanda ya bari ya yi ta jira har 2022. Bambancin shi ne an tambayi maniyyaci. Masu baje kaya da yawa sanarwa kawai suka gani.

A kan AXPONA abin ya fito fili. Kamfanoni da dama suka haɗu suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa, mujallun sauti suka buga, suna neman a soke taron Agusta a mayar musu da kuɗinsu. Hujjarsu a bayyane take: ba su yarda su kai ma'aikatansu cikin rufaffun ɗakuna ba, abokan cinikinsu na Turai ba su da hanyar shiga Amurka tun da aka rufe musu ƙofa a tsakiyar Maris, shagunansu a kulle, albashi na jira. Tsarin sake buɗe jihar Illinois da Gwamna Pritzker ya fitar a farkon Mayu ya ƙara musu ƙarfi, don ya ajiye manyan taruka a mataki na ƙarshe, sai an samu riga-kafi ko magani mai ƙarfi. Mai taron ya amsa da nasa lissafin: kuɗin an kashe shi a shirin taron da bai yiwu ba, in aka ce a mayar da duka lakadan kamfanin ne zai durƙushe, taron ya bi shi. Abin da ya miƙa shi ne a ɗauke wani kaso na kuɗin a lissafa wa mutum a tarukan gaba.

Duka biyun gaskiya suka faɗa, abin da ya sa rigimar ta yi ɗaci ke nan. Inda nake ganin mai taro ya gaza shi ne wajen buɗe littafi. Wanda ya ce na kashe kuɗinka, hujja na wuyansa: ga na otal, ga na talla, ga albashi, ga abin da ya rage. Ɗan kasuwa ya san asara, yana iya haɗiye ta in ya ga lissafi. Abin da ba ya haɗiyewa shi ne a ce masa ya yarda kawai. Kuma kuɗin da aka ce an ajiye maka zuwa baɗi ba daidai yake da na hannu ba. Ba ya biyan albashin wannan wata, yana ɗaure ka da taron da wataƙila ba ka da niyyar komawa, in kuma mai taron ya karye kafin baɗin, ka shiga layin masu bin bashi daga can baya.

Tsarin da ya fi kama hankali daga wajen sana'ar sauti ya zo. Bayan surutu ya yi yawa, GSMA mai taron wayoyi na Barcelona ta fitar da zaɓi. Wanda ya biya fam 5,000 ko ƙasa da haka zai iya karɓar kuɗinsa duka. Wanda ya haura haka, ko ya karɓi rabi lakadan, iyakarsa fam 150,000, ko a lissafa masa kashi 125 cikin 100 na abin da ya biya, a raba a tarukan shekara uku: 65 a 2021, 35 a 2022, 25 a 2023. Tsarin ya amsa cewa jira yana da farashi, shi ya sa aka ɗora riba a kai, ya kuma fitar da ƙananan kamfanoni daga wuta tun farko. Amma GSMA ƙungiyar manyan kamfanonin sadarwa na duniya ce. Mai shirya taro a otal ɗaya sau ɗaya a shekara ba shi da wannan aljihu.

Inshora fa? Yawancin masu taruka suna da inshorar sokewa, mai biya in gobara ta tashi ko guguwa ta rufe filin jirgi. Tun bayan cutar SARS ta 2003 kamfanonin inshora suka saba cire cututtuka masu yaɗuwa daga ciki, sai wanda ya biya ƙari na musamman. Kaɗan ne suka biya. SXSW ya fito ya ce tasa ba ta ɗauki annoba ba, bai mayar wa masu tikiti kuɗi ba sai dai ya ɗage musu zuwa wata shekara, ya kuma sallami kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatansa. Gasar tanis ta Wimbledon ita ce ta yi shekaru tana biyan wannan ƙari, ta karɓi fiye da fam miliyan 100 da aka soke ta 2020. Shi ya sa ake ta ba da labarinta, don ba ta da 'yan'uwa da yawa.

Gwamnatoci sun shigo, amma ba ta ƙofar mai baje kaya ba. A Mayun 2020 Jamus ta yi dokar da ta ba masu shirya wasanni da kiɗe-kiɗe damar ba mai tikiti takardar shaida maimakon kuɗi, wadda in bai yi amfani da ita ba har ƙarshen 2021 sai a biya shi. Dokar ta 'yan kallo ce, ba ta shafi cinikin kamfani da kamfani a baje koli ba, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na baje kolin da aka shirya a Jamus a 2020 ba a yi su ba. Sai a ƙarshen 2021 Jamus ta ware yuro miliyan 600 don tsaya wa masu baje koli in hukuma ta sake hanawa, Birtaniya ma ta kafa makamancinsa na fiye da fam miliyan 750. Duka biyun tarukan gaba suka kalla. Kuɗin 2020 an bar wa masu shi su sasanta.

Shekarar 2021 ta maimaita darasin ga wanda bai ji ba. Munich ya matsa zuwa Satumba, ya soke. AXPONA ya matsa har ƙarshen Oktoba, nau'in korona na Delta ya taso, shi ma ya soke. Ƙananan taruka biyu sun samu sun kutsa, ɗaya a Long Beach ta California a Yuni, ɗaya kusa da Washington a Nuwamba. Rocky Mountain ya shirya dawowa a Oktoba. A farkon Satumba, Marjorie Baumert, wadda ta ci gaba da riƙe taron bayan rasuwar mijinta Al Stiefel, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi a 2004, ta sanar cewa an soke, za a sake mayar wa kowa kuɗinsa, kuma ba za a ƙara yin taron ba.

Wanda ya mayar da kuɗi sau biyu ya rufe, wanda ya riƙe, wato AXPONA, ya buɗe ƙofa a Afrilun 2022, kamfanoni kuma suka koma, har da waɗanda suka yi ƙorafi. Kada a ɗora wa mayar da kuɗi duka laifin. Tun 2019 Rocky Mountain ya bar tsohon masaukinsa a Denver ya koma katafaren otal ɗin Gaylord kusa da filin jirgi, masu baje kaya suna kukan tsada tun kafin a ji sunan korona. Amma shekara biyu ba shiga sai fita ba ta bar wa ƙaramin taro abin tsayawa ba. Babba ma bai tsira ba: Musikmesse na Frankfurt, wanda ya yi shekaru yana cikin manyan kasuwannin kayan kiɗa na duniya, tun na 2019 bai sake buɗewa ba.

Abin da ya sa kamfanoni suka koma Schaumburg ba mantuwa ba ce. Wasu suna da kuɗi a can da ba za su same shi ba sai sun je, sauran kuma suna bukatar ɗakin da mai saye zai zauna ya ji da kunnensa, ga shi ɗaya daga cikin manyan wuraren da ake da su a Amurka ya rufe. Munich ma ya dawo a Mayun 2022. Masu baje kaya da suka ƙone sun koyi juya takarda su karanta bayanta, su tambayi abin da zai faru in an canza rana, su ja biyan ciko zuwa kusa da taro in an yarda musu. Kamfanonin inshora kuwa, bayan abin da suka biya a 2020, sun ƙara toshe ƙofar cututtuka masu yaɗuwa, kuma har yanzu da kafin alƙalamin masu ɗakuna ake shirya taron baɗi.